Rasuwar Nagode da Marayan da Ke Tukubar Yaya Misbahu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari babu mai ɗebe musu kewa, ni Mufida nake sanar da dangi na Talata Mafara da na Bakura da na Maradun rasuwar emfina, 'yar ƙaramar na'urar jin waƙa wadda aka fi sani da Nagode. An tabbatar da cikawarta ranar Alhamis da hantsi, bayan shekara uku da wata biyu a hannuna. Na rubuta ne domin kowa ya san in aka ce in faɗa da baki ba zan kai ƙarshe ba. Husna ɗiyar Kawu za ta tura wa kowa ta wayarta.

An samo marigayiyar wata ranar kasuwa a teburin Kamilu, mai sayar da kayan waya da gyaransu. Guda uku ya jera mana ni da Husna. Ta farko mai gilashi ce, sai ka karanta Turanci kafin ta yi maka waƙa, ni kuwa a aji huɗu na tsaya. Ta biyu da sifika a jikinta, da ya kunna ta sai da masu albasa suka waiwayo, ni kuma na ja hijabi na rufe fuska. Ta uku shuɗiya ce, ba ta kai kwalin ashana ba, madanni huɗu, da ɗan bakin da ake maƙalawa a wuyan riga. Ba ta yi wa kowa magana sai wanda ya sa iyafis a kunne. Na taka ƙafar Husna. Ita ta yi cinikin, ita ta faɗi abin da za a tura a memori, ni ina raɗa mata. Abu ɗaya na furta a gaban teburin nan, na ce na gode. Kamilu ya ce ashe tana magana. Sunan ya biyo na'urar har gida.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaida tana da rufin asiri. Ta yi rayuwarta kaf a ƙarƙashin hijabi. Kuma tana da ɗabi'a ɗaya da ba ta taɓa sakewa ba: in aka kashe ta aka kunna, daga lamba ɗaya take farawa. Saboda haka goma na farko wa'azi na sa aka tura. Sau uku Inna ta zare iyafis daga kunnena ta sa a nata, sau ukun nan yatsana ya riga hannunta, na kashe na kunna. Ta saurara, ta mayar mini, ta dubi sauran 'yan gida ta ce, “Ɗiyar ga ta hi ku natsuwa, ku duka.” Wa'azin ma nakan ji shi, kada a ɗauki alhakina. Amma daga sha ɗaya zuwa talatin da takwas babu malami ko ɗaya.

Da yake ba ta da gilashi, da ƙirge nake nemo abin da nake so, har na haddace lambobin. Sha huɗu ta dakan yaji ce, tana tafiya daidai da taɓarya. Ashirin da biyu ta matsar tunkuza, in ina yi wa Yaya Misbahu ƙulin tsirensa. Da ita na je bikin Bakura, na zauna a lungu cikin mata ina gyaɗa kai wuni guda, aka dawo ana yabon tarbiyyata. Da ita na je gaida Kaka a Tsibiri, mota ta lalace a hanya, kowa yana huci, ni ina lamba talatin.

Ba mai yawan surutu ba ce. In an tashe ta, wata mata takan faɗi kalma biyu da Turanci, har ta rasu ban san me take cewa ba, amma da ladabi take faɗa. In ta ji yunwa sai ta ce tit, tit, ta yi shiru. Ba ta taɓa tambayata me ya sa ba ni da magana ba.

Ciwon ya fara mata bayan ƙaramar Salla. Cikinta ya kumbura, bayanta ya buɗe, na ɗaure ta da roba. Cajin da kan kai ta kwana biyu ya koma daga hantsi zuwa azahar. Ta yi haƙuri da wannan duka. Ranar Talatar da ta wuce ina suyar ƙuli, na sunkuya gyara wuta, bakin maƙalawar ya karye, ta sulale ta faɗa cikin kwanon man gyaɗa. Allah ya sa man ya huce. Na tsamo ta, ta ce tit sau ɗaya. Husna ta ce a binne ta cikin buhun shinkafa, aka binne ta kwana biyu, shinkafar ce kawai ta ɗauki ƙamshi. Ranar Alhamis Yaya Misbahu ya karɓa ya kai wa Kamilu. Kamilu ya buɗe, ya shinshina, ya ce sai haƙuri.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, wanda sai an karkata masa wuya yake aiki, da iyafis mai kurman kunnen hagu. Ta kuma bar ɗa guda, wato memori, kuma a kansa ne zan ɗan tsawaita, dangi su yi mini uzuri.

Gawa ta dawo gida babu ɗanta. Yaya Misbahu ya zare shi tun a hanya, ya sa shi a babbar sifikar da ke tukubarsa ta tsire. Na aiki Husna ta karɓo. Ya ce gado ne, kuma namiji kashi biyu yake ɗauka. Na sake aikenta da maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, yanzu kuma dole ta sa zan rubuta ta a nan. Madanni na huɗu, in an danne shi ya daɗe, jar wuta takan kama, marigayiyar ta ɗauki murya ta ajiye a ƙarshen jerin. Wata rana gida babu kowa, na shiga ɗakin girki na rera waƙa, tawa ta kaina, baiti shida. Tana nan a ciki. Da Husna ta gaya masa, sai da ya ajiye wuƙa don dariya. Ya ce mutanen Mafara sun daɗe suna tambaya ko ƙanwarsa tana da murya, ranar Talata za su ji.

Abin da ya cece ni zuwa yau, madannin tsallake waƙa na sifikarsa ya sha maiƙo ya daina aiki, dole a bi jeri. Kullum bayan la'asar yake buɗewa, batir ya mutu kafin a wuce ashirin da ɗaya, washegari a koma lamba ɗaya. Masu cin tsire sun sha wa'azi kwana uku a jere, har an fara kiransa Ustaz. To jiya ya aro batirin sola, ya ce ranar kasuwa tun hantsi zai kunna, ba kashewa sai an kai ƙarshe. 

Don haka ya zama wajibi in bayyana wasiyyar marigayiya. Waƙata lamba arba'in ce. Akwai talatin da tara.

Wata Laraba da rana na manta ta a kan katangar garke, jar wutar tana kunne. Ni ban ɗauki kowa ba, ita ta ɗauka. Yaya Misbahu ya shigo ba ragon Inna dusa, ya duba bai ga kowa ba, ya tsaya gaban ragon ya fara gwajin abin da zai faɗa wa Mardiya ta Bakura, yarinyar da yake nema. Ya karya harshe kamar ɗan Kano. Ya kira ragon hasken idonsa. Ragon yana amsawa a duk inda ya dace. Daga nan ya koma kwaikwayon baban Mardiya yadda yake cinikin shanu, har da tarin da yake yi kafin ya ce albarka. Ya iya ƙwarai, duk wanda ya ji zai gane ko wa ake nufi. Tsawonta ya kai wa'azi ɗaya da rabi. Shekara guda tana ajiye, ban taɓa jiyar da kowa ba, don marigayiyar ba ta koya mini tonon asiri ba.

In Yaya yana tunanin kai wa Kamilu ya goge masa, ina tuna masa cewa Kamilu ba ya goge abu sai ya saurara, kuma uwar Kamilun da uwar Mardiya ciki ɗaya suka fito.

Za a yi jana'iza gobe Litinin bayan la'asar, a bayan gida gindin zogale. Inna ta ce ba a yi wa roba salla, ba za a yi ba. An naɗe ta a tsohon ɗankwalina, Husna ta haƙa rami da cokali. Ba za a rufe ramin ba sai maraya ya dawo ya yi bankwana da uwarsa. Wanda ya kawo shi ba sai ya yi gaisuwa ba, ya ajiye a ƙarƙashin faifan da ke kan randa ya wuce, ba za a tambaye shi komai ba, ni ma ba zan ɗaga kai ba.

In har aka kira magariba faifan yana nan babu komai, to an ɗage zaman makoki zuwa Talata a tukubar Yaya Misbahu. Na ƙirga da yatsu sau uku: in an kunna da hantsi, lamba talatin da tara za ta iso daidai la'asar, lokacin da baban Mardiya kan taso daga kara, wato kasuwar shanu, ya zauna a bencin ya ci tsirensa. Masu zuwa su zo da wuri su samu wuri kusa da sifika. Ni ba zan samu halarta ba, kuma ina kyautata zaton kafin a kai arba'in mai tukubar zai kashe da hannunsa.