Manhajar Mai Girma Ta Gano Ni

Jama'a, yau da ƙugu na fara gaisawa da ƙasa. Ina sa ƙafa a bakin ƙofa santsi ya kwashe ni, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Maƙwabcina mai gyaran babur ya ɗago kai ya ce, "Sannu Malam, yau ma iyo za a yi?" Ban kula shi ba.

Ruwan da ya kayar da ni ba na sama ba ne. Bututun hukumar ruwa ne ya fashe a gindin katangarmu tun bara, yana ta jiƙa bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Bangon ya tsage har kana hango hasken titi daga kan gadonta. Na yi juyin duniya ta koma ɗakina, ta ce ɗakin da marigayi Baba ya gina da hannunsa ba ta barinsa saboda ɗan ruwa. Wallahi tsoro nake ji, kullum da shi nake tashi.

Hukumar kuwa ta waye, ta daina karɓar koke da baki, sai ta imel. Na tura, na sake turawa, har yatsana ya san hanya. Shiru. Sai ran nan na ji a rediyo cewa Mai Girma Shugaban Hukuma, Allah ya ƙara masa kujera mai juyawa, ya ƙaddamar da wata manhaja da za ta tattara dukkan saƙonnin da suka taru shekara da shekaru, ta jera su, ta liƙa wa kowanne lakabi, a riƙa nemo koken talaka cikin ƙiftawar ido. An yanka kirtani, an ci an sha. Yau da na tashi daga caɓi na ce bari in je in ga wannan abin al'ajabi.

Ƙanwar matata ce ke kula da kwamfutocin ofishin. Na same ta a wani ɗaki mai kama da sito, fanka ba ta juyawa, wayoyi sun harɗe a ƙasa, an tokare ƙofa da tsohuwar na'urar buga takarda.

"Yaya, wa ya yi maka wanka da laka?" in ji ta.

"Ogoginki. Ina manhajar da aka ƙaddamar?"

"Ga ta nan ina kan ɗorawa."

"Ba an yi biki tun watan jiya ba?"

"Bikin daban, ɗorawa daban. Ranar hotonta aka nuna."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Manhajar tana bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya tana haddace kowace kalma, ta yadda in ka rubuta "bututu" za ta zubo maka duk wanda ya taɓa ambatar bututu. Wannan ɓangaren ya kusa kammala. Na ce to ta rubuta sunana mu gani.

Kafin in gyara zama, sai ga saƙonnina reras a kan allo, tun daga na farko mai "Ranka ya daɗe" har na ƙarshe mai "Ku ji tsoron Allah". Babu wanda aka taɓa buɗewa. Gaskiya na yaba. A da ina zargin ɓata suke yi a hanya, yanzu kimiyya ta tabbatar mini lafiya lau suke isowa.

Sai na lura kowanne da ɗan jan tambari a gefensa. Na matsa na karanta: "Mai naci".

"Wannan fa?"

Ta sosa kai. Ashe kwamiti aka kafa na musamman don zaɓen lakabobi, ya tafi wani otal ya yi zaman sirri, ya dawo da sakamako. Saƙon da ya fito daga manya lakabinsa "Gaggawa". Na surukan manya da abokan karatunsu "A duba da idon rahama". Wanda kuwa ya turo koke iri ɗaya ya sake turowa, shi ne mai naci, kuma manhajar tana kawar da shi daga gaban allo, don an ce yawan ganin suna ɗaya yana tayar wa Mai Girma hawan jini.

"To shi ke nan," na ce, "na daina turawa, sai su gan ni."

"Kayya, Yaya. Koken da mai shi ya yi shiru na wata guda, ita da kanta take sa masa 'An magance'. Da su ake haɗa rahoton nasarori."

Kun ji fa. In na yi magana an ɓoye ni, in na yi shiru an gama mini aiki. Duk wanda ya tsara wannan ya cancanci lambar yabo, ni zan fara tafi.

Na sassauta murya. "Haba ƙanwata, Inna ce fa. Cire jan nan ki sa mini 'Gaggawa', ba wanda zai sani."

Idonta ya kawo ruwa, don tana son Inna. Ta juyo mini da allon, ta danna a gabana, ya ƙi. Izinin nema kawai aka ba ta. Canza lakabi sai da kalmar sirri, kalmar tana wurin Mai Girma, shi kuma ya tafi ƙasar waje koyon yadda ake amfani da manhajar.

Na kamo hanyar gida ina tsara zagin da zan rubuta. Tun daga kan kwana na hango taro a ƙofarmu, na zubar da girma na ruga. Bangon ya kwanta, rabi a titi rabi a cikin ɗaki. Mai gyaran babur ne ya ji ƙarar tsagewa ya sungumo Inna, ko takalmi babu. Na same ta zaune a tsakar gida kan turmi, ƙura a ɗankwalinta, tana kallon inda gadonta yake a ƙarƙashin bulo. Na durƙusa na riƙe ƙafarta.

Nan na zayyana mata yadda muka yi a ofis. Na zaro waya na ce yanzun nan zan tura musu wani, da hoto.

Ta dafa hannuna. "Bar shi, ɗan nan. Bangon da kake tsoron ya faɗi ai ya faɗi. Su rubuta an magance."

Don haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, in ka dawo daga karatu ka sa ni cikin waɗanda suka gamsu. Bututun dai yana nan yana aiki, ya ma fara gaisawa da bangon kicin.