Ranar da Na Gyara wa Surukina Madubin Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Bande, wata uku da aurena, ranar da na ɗaura niyyar nuna wa surukina cewa ba mai riƙe alli kaɗai 'yarsa ta aura ba. Ni mushe ne, wato malamin boko, ina koyarwa a wata lakkol a Magarya. Tun kafin ɗaurin aure aka kawo mini tsegumi, wai Alhaji ya ce malaman lakkol baki gare su, hannu babu. Maganar nan ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Alhaji yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa, wadda ya saya tun yana fataucin gyaɗa, kafin a haifi matata. Da fara ce, yanzu ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, amma kullum da safe shi da kansa yake goge ta, kuma ba ta taɓa kwana a waje ba. Masu son tsoffin motoci sun zo tayi daga Damagaram, ya ba su shayi ya sallame su. (Matata ta ce ko su 'ya'yansa sai sun karkaɗe ƙafa suke shiga.)

A ranar ana suna a gidan ƙanensa, a can ƙarshen gari. Na zo a kan motona mai ƙafa biyu, na durƙusa na gaishe da manya takalmi a hannu, sannan na zame waje, don ba zan zauna ina tauna nama a gaban suruki ba. A nan na ga motar a gindin dalbejiya. Madubin gefen direba yana lilo, iska kaɗan ta taɓa shi sai ya sunkuya. Na taɓa shi da yatsa, ya juya ya kwanta a jikin ƙofa. Na ce a zuciyata, yau Allah ya kawo ni.

Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya? Ai abin mamaki nake so in yi. Na ɗauko turnabis, abin ɗaure kusa, daga ƙarƙashin sirdin motona na ɗaure kusoshin madubin guda biyu, amma wuyan madubin ya ci, bai daina motsi ba. Sai na tuna dabarar da na gani wajen wani mai gyaran moto a Magarya. Na ruga shago na sayo gam ɗin nan mai ƙarfi, na zuba a wuyan, na barbaɗa rairayi, na ƙara gam, na ƙara rairayi, har sau uku. Da ya bushe na jijjiga shi da hannu biyu, motar ta girgiza, madubin bai ko motsa ba. Na goge shi da bakin rigata, na kalli fuskata a ciki, na ga mutumin kirki.

Bayan azahar aka watse. Alhaji ya shiga mota da amininsa Malam Ilu, ni kuma na biyo su a baya, ina jiran in ga ya lura. Bai lura ba. (Daga baya na gane Alhaji ba ya duba madubi in yana tuƙi, leƙa kai yake yi ta taga.) Hadari kuwa ya fara haɗowa daga gabas.

A ƙofar gidansa akwai dattawa biyar ko shida a kan tabarmi. Gefen zauren akwai wata ƙofa a jikin katangar ƙasa, inda motar take shiga. Ban taɓa ganin shigarta ba, kullum a ciki nake samunta ko a waje. Alhaji ya saita kan motar, ya tsaya, ya miƙo hannu ta taga ba tare da ya duba ba, ya tura madubin. Bai tafi ba. Ya sake turawa. Sai ya kashe mota ya fito, ya sa tabarau, ya sunkuya yana duban dunƙulen gam ɗina.

"Wa ya taɓa mini madubi?" ya tambaya, murya a kwance.

To, ga inda nake so ƙasa ta tsage duk sanda na tuna. Ni na ɗauka yabo ne ke tafe. Na kafe moto, na cire takalmi, na matso na durƙusa ina murmushi.

"Ni ne, Baba. Na ga yana lilo ne. Yanzu ko shekara ashirin ba zai motsa ba, in sha Allahu."

Wani tsoho ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji bai kalle ni ba. Ka san tsakanin mutum da mijin 'yarsa akwai kunya, ba ya yi masa faɗa baki da baki. Sai ya juya wajen amininsa.

"Malam Ilu, tambayi Mushe, ya taɓa auna ƙofar nan?"

Malam Ilu ya juyo gare ni, kamar ban ji ba. "Mushe, Alhaji ya ce ka taɓa auna ƙofar nan?"

"A'a, Baba."

"Faɗa mishi daidai jikin motar aka gina ta. Faɗa mishi ni na sassauta madubin da hannuna, tun bai shiga lakkol ba, don in kwantar da shi in shiga."

Malam Ilu ya maimaita mini kalma bayan kalma, har da "tun ba ka shiga lakkol ba". Gumi ya jiƙa mini hula. Wallahi da marina Alhaji ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Aka gwada ruwan zafi, gam ya ƙi. Na ce a kwance kusoshin a cire madubin gaba ɗaya, sai aka ga su ma na binne su a gam. Wani ya kawo shawarar guduma, Alhaji ya yi masa wani kallo, ya janye maganarsa. Madubin na asali ne, in ya fashe ba a samun irinsa ko a Damagaram. Ga iska ta taso, an fara yayyafi, motar da ba ta san kwanan waje ba tana tsaye a titi saboda ni.

Can Alhaji ya ce, "Malam Ilu, a ba Mushe gatari. Tun da hannu gare shi."

Haka na tattare babbar rigata ta shadda, wadda na ɗinka musamman don zuwa gidan surukai, na tsaya ina saran katangar surukina daidai tsayin madubi, dattawa suna ba ni umarni. "Ƙara sama kaɗan, Mushe!" "Kar ka rushe mana gidan duka!" Daga cikin gida ina jin dariyar mata, kuma na gane muryar matata a ciki, ita ce ma ta fi kowa. Da na sare kamar taƙi guda, motar ta shige, madubi a miƙe, ko gogar ƙasa bai yi ba.

Kafin in tafi na durƙusa na ba da haƙuri. Alhaji ya ce wa amininsa, "Faɗa mishi gam ɗin dai ya kama." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma na riƙe shi hannu biyu.

Har yau gurbin yana nan a jikin katangar, an shafe shi da siminti, kuma duk unguwar Tagar Mushe suke ce masa. Yanzu in na ga abu yana lilo a gidan mutane, musamman abin da ya girme ni, sai in zuba hannuwana a aljihu in tambayi mai shi tukuna. Sau da yawa ya san yana lilo.