Tikitin da Na Gasa

Shekara biyu ina tara tikitin wani kanti a Dogon Dutsi, saboda wata shuɗiyar kular ƙanƙara da suke ba wanda makinsa ya cika. Har wurin ajiye ta na share a ɗaki.

Da kantin ya haɗe da wani, aka ce a kawo tsofaffin tikiti a mayar da makin kan sabon kati. Matata Hadiza ta ce in kai su haka nan cikin gwangwaninsu. Na ce mata takarda mai daraja leda ake yi mata, kamar katin ɗan ƙasa.

Mai injin leda ya ce, "Malam, wagga takarda ba ta son zahi."

Na ce, "Yi aikinka. Ni ma'aikaci ne, na san takarda."

Suka fito baƙi ƙirin suna ƙyalli, babu harafi ko ɗaya.

Har yau in na zo ƙofar kantin sai na rage tafiya, na leƙi kular. Ranar da zafi ya tsananta kuwa, Hadiza kan miƙo mini ruwan randa ta ce, "Ka sha haka nan, Malam, ko a yi mishi leda?"