Ranar Da Na Share Kabarin Innata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Bature mai awon fili ya zo ƙauyenmu ba. Har yau in na ga tsintsiya sai gabana ya faɗi.

Maraɗi ce ta yi ta matsowa har ta haɗiye mu. Aka ce mun zama unguwa, za a ja tituna. Ni kuma na dawo hutu daga kwaleji, da rigata mai guga da Faransanci a baka, sai aka ce ni zan yi tafinta. (Kaina kuwa da ƙyar yake shiga ƙofar zaure.)

Da sassafe na zaga bayan gari, na tarar da wani fili ƙarƙashin aduwa cike da fasassun tukwane. Kunya ta kama ni. Haka Bature zai same mu cikin shara? Na kwashe su tas na zuba a kududdufi, na share wurin har da yayyafa ruwa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma ina lakwal, can makarantar boko, innata ta rasu. Ban taɓa tambayar inda aka kai ta ba.

Da hantsi Kawu, yayan innata, ya jawo Baturen har wurin.

"Ɗiyata, gaya mashi nan iyayenmu ke kwance. Hanya ta kauce."

Sai a nan na gane maƙabarta na share. Na faɗa wa Baturen da Faransanci. Baturen ya dubi ƙasa, fes da ita, ya ce ina alama?

Kawu ya yi ta waige-waige. "Tukwanen hwa? Wane la'ananne ya kwashe su?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ga ta nan gabanka, Malama 'yar lakwal. Na ga ta fito nan da tsintsiya, na ce ko sabon addini ne."

Baturen ya tambaye ni me suke cewa. Ni da bakina na fassara mashi. Ya yaba tsabtata, sannan ya sa aka kafa turken titi a wurin.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya nuna ƙasa da sandarsa. "Innarki na nan. Ko kuwa nan. Ni ma yanzu ban sani ba."

Yau motocin gyaɗa ke bin wurin zuwa Tsibiri. Ni zagaye nake yi, ƙafata ta ƙi takawa.

Kwaleji ta koya mani shara. Tambayar wa ke kwance ƙarƙashi kafin in ɗau tsintsiya kuwa, a gida na koya, bayan an kafa turke.