Ranar Da Na Wanke Moɗar Sojan Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren jikata Ruƙayya ba, ko da kuwa na manta sunana. Uban yaron, Abu Mazin, tsohon sojan ruwa ne daga unguwar Rusaifa, ya yi shekara talatin a jirgin yaƙi. Mu kuwa 'yan unguwar Ka'akiyya ne, na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa danginsa suna tambaya ko gidanmu da tsabta. Kwana uku ina goge gida, har ƙasan firji.

Suka zo, aka kai musu gahawarmu mai hel, ɗan kayan ƙamshin nan, a ƙananan finjalai. Bawan Allah Abu Mazin ya ce a yafe masa, shi baƙa ƙirin yake sha irin ta jirgi, a moɗarsa ta ƙarfe da ba ya rabuwa da ita. Da aka kira la'asar maza suka tafi masallaci, aka shigo mini da faranti. A kai ga moɗar nan, cikinta baƙi kamar gindin tukunya, gefenta ga lofensa na shan taba, cike da dauɗa.

Na ce a raina, wayyo, wannan mutum ba shi da mai kula da shi (matarsa tana raye, Allah ya yafe mini). Na ɗauko soson ƙarfe, na dirje moɗar sai da na ga fuskata a ciki. Lofen kuwa na ƙwaƙule shi da tsinke, na jiƙa a ruwan sabulu, na yayyafa masa ruwan wardi. Na mayar, na laɓe bayan labule ina jiran yabo.

Suka dawo, har da liman. Can na ji muryar Abu Mazin: "Wa ya taɓa moɗata?"

Ɗana Salihu ya faɗo kicin. "Ya Ummi, me kika yi? Sojan ruwa ba ya wanke moɗarsa! Baƙin nan shi ne shaidar shekarunsa a teku!"

Na ce, "Shekara talatin ba wankewa?"

Ya ce, "Wallahi ko kwamandansa bai isa ya taɓa ta ba."

Ruƙayya ta fashe da kuka: "Halas, shi ke nan, ya Sitti, kin kashe min aure."

Na leƙa. Dattijon ya ɗauki lofen ya busa don ya duba shi, sai ga kumfar sabulu ta fito, ta tashi a hankali ta bi ta gaban liman. Liman ne ya fara dariya. Abu Mazin ya daɗe yana kallon moɗar, sannan ya ce, "Teku ta kasa, hajiya ta iya. A ba mu yarinyar, amma ta bar kakarta a gida."

An yi aure. Har yau in ya zo gidanmu, da moɗarsa yake tafiya masallaci. Ni kuwa yanzu ko tukunya na gani ta ƙone a gidan mutane, sai na tambaya ko ta yi aikin soja kafin in ɗauki soso.