Baba Dogara da Akwatin Kifina

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe gaban surukaina a Kagoro ina wanke kaina daga laifin da babu wanda ya ɗora mini ba.

Ni malamin makaranta ne a Kafanchan, kuma ina da wata cuta, wato kiwon kifin teku. Wani ɗan'uwana da ke Legas ne ya shafa mini ita. Ya kawo mini ɗan akwatin gilashi da buhun gishiri na musamman da duwatsu, da kifi biyu ruwan goro masu ratsin fari, sai murjani mai rai (e, yana da rai, yana buɗewa yana rufewa). Abin ba ya son wasa. Sai an haɗa ruwan an auna gishirinsa, fitilarsa shuɗiya ce, injin da ke juya ruwan kuwa in ya daɗe a kashe komai zai fara mutuwa. Dole na sa sola, na ja soket ɗaya tak zuwa bayan akwatin.

To kun dai san garinmu. Ga gwauro shi kaɗai a gida, ga shuɗiyar wuta, ga ruwan gishiri, ga dutse yana motsi. Tun kafin wani ya ce uffan, ni na riga na ji abin da za a ce: yana bautar mamiwata, aljanar ruwa.

Lokacin ina neman auren Rifkatu. Kwatsam sai yayan babanta, Baba Dogara, dattijon ikilisiya da ke zaune a wata unguwa nan cikin Kafanchan, ya fara zuwa gidana da yamma. Mutumin da a coci sai dai mu gaisa daga nesa. Suruki ne, ba na iya zama da shi, sai in durƙusa in gaishe shi, in ajiye masa kunu, in koma baranda. Daga can nake leƙe ta labule (kada ku ga laifina). Zai sunkuya bayan akwatin ya cusa hannu, ya dawo ya ƙura wa kifin ido, leɓensa yana ta motsi. Duk ranar da ya tafi kuma, sai in tarar da injin a cire, murjanina ya yamutse kamar busasshiyar kuɓewa.

Nan take na haɗa lissafina. An turo shi bincike ne, ya ga abin da ya gani, yanzu yana yaƙar aljanata da addu'a da cire waya. Auren nan ya kusa rushewa. Da na yi wa Rifkatu ƙorafin yawan zuwansa, dariya ta yi ta ce, "Baba yana son ka ne kawai." Sai na fara zarginta ita ma. Shi kuwa ba damar in tambaye shi, da wane bakin?

Ranar kai gaisuwa muka tafi Kagoro da kawunaina. An taru a tsakar gida, an yi addu'a, ana ta raha. Ni kuwa duk wanda ya yi murmushi sai in ga kamar ya san wani abu. Da aka ce ko ango yana da magana (abin da ake so in ce shi ne "na gode", in zauna), sai na gyara murya.

"Iyayena, na san abin da aka faɗa maku. Ni ba matsafi ba ne. Ba na bautar mamiwata. Abin da ke ɗakina halittar Allah ce, ko za a ci gaba da kashe mata wuta."

Kawuna ya ja mini riga, amma ina, na riga na zubar.

Baba Dogara ya dube ni. Sannan ya ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba.

"Yaro na, transfoma namu ya ƙone tun kafin Ista. Caji ne na ke zuwa yi. Kunya ne ya hana ni roƙon suruki wuta. Ashe waya da na ke cirewa na kifi ne? Ka yi haƙuri, na ke mantuwa in mayar."

Motsin leɓen kuma waƙar coci ce, wai kallon kifin yana kwantar masa da hawan jini. Ya ƙara da cewa shi ne ma ya gaya wa dangi su ba ni yarinyar, don wanda ya iya lallaɓa ƙaramin abu haka ba zai wulaƙanta mace ba. A nan na so ƙasa ta tsage in shige. Wallahi kunyar da na ji har cikin haƙorana.

Na ɗauka an gama, sai kakar Rifkatu, wadda kowa ya zaci gyangyaɗi take, ta ɗago kai.

"Ku tsaya tukun. Wane mamiwata? Mene ne a ɗaki na shi?"

Ashe duk taron nan, in ban da Baba da Rifkatu, babu wanda ya taɓa jin ina da kifi. Ranar ba a tsayar da lokacin biki ba. Sai da fasto da matan zumunta suka zo gidana suka duba, aka shinshina ruwan, wata har ta ɗanɗana ta tofar, aka yi addu'a mai tsawo. Uku daga cikinsu sun zo da caja a jaka.

An dai yi auren, kifin ma suna nan da ransu, sai dai har yau kaka "mijin mamiwata" take kirana, ko a gaban 'ya'yana. Abin da na koya shi ne, in ba a tambaye ka ba kada ka ba da amsa, kuma in dattijo ya fara yawan kawo maka ziyara, kafin ka zarge shi ka sayi soket mai baki huɗu.