Notin Jirgin Kawu Bukar

Cikin ranakun da ba zan taɓa mantawa da su ba har da ranar sunan ɗiyar wan matata a Gwammaja. Lokacin watana biyu da aure, ina ta neman hanyar burge surukai. Sana'ata sayar da kayan gyaran mota, kuma (Allah Ya yafe mini) gani nake babu ƙarfen da ban sani ba.

Muna zaune kan tabarma a ƙofar gida sai Kawu Bukar, kawun matata, injiniya mai gyaran ƙananan jiragen sama na feshin gona, ya ciro wani tsohon noti daga aljihu yana nuna wa dattawa. Ya ce sabonsa ya fi batirin mota tsada, ga jirginsu a ajiye makonni suna jiran a aiko shi daga waje.

Na karɓa na jujjuya shi. Wallahi irinsa cike da bokiti a shagona! Nan take na hango kaina cikin babbar riga ina kai kaya filin jirgi. Ban yi wa kowa sallama ba na haye babur sai shago, na dawo ina haki da leda shaƙe da notuna, na zazzage ta gaban dattawa.

"Kawu, wahala ta ƙare. Ga su nan, kyauta ma."

Ya ɗauki ɗaya, ya duba a natse, ya tambaye ni ina takardarsa. Na ce in rasit ne yanzu zan rubuta (har na fara lalubar biro).

Wani dattijo ya ƙware da kunun da yake sha. Kawu kuwa bai yi dariya ba, wanda ya fi min ciwo. Ya bayyana mini cewa kowane noti na jirgi da takardar da ke nuna inda aka ƙera shi, da irin ƙarfensa, da wanda ya gwada shi ya sa hannu. Kuma kaɗan ake ƙerawa, tunda masu saye ba su da yawa.

"Ɗana, naka in ya tsinke sai direba ya gangara gefen titi. Mu a sama ina za mu gangara?"

Na durƙusa ina tsince notunana ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya mirgina ƙarƙashin takalmin liman. Kafin in gama, labari ya shiga cikin gida, ina jiyo shewar mata.

Har yau dangin matata Mai Jirgi suke kirana, ina amsawa. Amma in aka nuna mini ƙarfe, sai na tambayi abin da yake riƙewa kafin in tayar da babur.